Yadda Ake Sarin Kayan Ƙafar Motocin Daji Domin Shago da Masu Sake Sayarwa

Kayan ƙafar mota su ne duk abin da ke tsakanin gangar jikinta da tayoyinta, wato shokazoba, sifirin, bushin, bol-join, hannuwan sama da na ƙasa, da ƙarafa da notunan da ke riƙe da su. A motar da ba ta sauka daga kwalta waɗannan kaya sukan yi shekaru ba a taɓa su ba, amma Hilux ɗin da ke kwaso buhunan hatsi daga kasuwannin ƙauye a hanyar burji, da Land Cruiser ɗin asibiti ko ta ƙungiyar agaji da ke ratsa laka da damina, da motar da ke keta rairayi daga Agadas zuwa Dirku, duk suna cin kayan ƙafa fiye da yadda suke cin kayan inji. Wannan ne ya sa cinikinsu ba ya yankewa. Sai dai kaya ne masu nauyi da tsada, waɗanda suke kama da juna a ido alhali ba sa shiga gurbin juna, don haka mai shagon da ya yi sari da ka yakan wayi gari jarinsa na jingine a bango yana tsatsa. Ra'ayina shi ne cewa ba daga wurin dila sari yake farawa ba. Yana farawa ne daga sanin motocin da ke tsayawa a ƙofar shagonka da irin lodin da ake ɗora musu.

Sanin motocin da za ka yi wa sari

Kafin ka fitar da ko naira ɗaya, ka ajiye littafi a shago na tsawon wasu makonni, ka riƙa rubuta duk abin da aka tambaya, wanda kake da shi da wanda ba ka da shi, tare da samfurin motar da aka tambaya dominta. Ka kuma zagaya wurin kanikawan da ke kusa da kai ka ji abin da suke yawan canzawa, domin bakanike ne yake kwanciya a ƙarƙashin mota, kuma a mafi yawan lokuta shi ne yake gaya wa mai mota shagon da zai je. Abin da wannan littafi zai nuna maka ya fi duk shawarar da dila zai ba ka amfani, saboda dila yana son ya rabu da abin da ke cikin sitonsa ne.

A Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar Toyota ce ta mamaye wannan fage, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa, domin sunan mota ɗaya yana ɗauke da ƙira daban-daban. Hilux da ake kira Vigo, wadda aka riƙa ƙerawa daga 2004 zuwa 2015, da Revo da ta gaje ta daga 2015, dukansu suna da sifirin na naɗi a gaba da sifirin mai ganye a baya, amma wannan bai sa kowane kaya na ɗaya ya shiga ɗayar ba. Hilux mai jan ƙafa huɗu da ta gabaci Vigo kuwa ba ta da sifirin na naɗi a gaba, sandar ƙarfe ce mai murɗawa take ɗauke da nauyinta. Ko a cikin Vigo ɗin kanta, gajeriyar da ke jan ƙafa biyu, mai noti 5 a taya, kayan gabanta daban ne da na doguwar mai noti 6. Land Cruiser jerin 70, wadda ake ƙerawa tun 1984, ta fara da sifirin mai ganye gaba da baya, sannan daga 1999 samfurin 78 da 79 suka koma sifirin na naɗi a gaba. Land Cruiser 80 naɗi ne gaba da baya a kan aksul guda, ta 100 kuwa sandar murɗawa gare ta a gaba, in ban da 'yar'uwarta 105 da ta riƙe tsohon tsarin aksul guda. A Land Cruiser 200 da Prado 150 akwai waɗanda aka sa wa tsarin KDSS, wanda ke amfani da matsin mai wajen rage karkacewar mota a kwana, da waɗanda ba a sa wa ba, wasu Prado kuma jakar iska ce a bayansu maimakon sifirin, haka kuma Lexus LX 570 tana amfani da tsarin mai da ke ɗaga mota ya sauke ta. Duk wanda ya saro kwali hamsin da sunan “shokazobar Land Cruiser” kawai, bai san abin da ya saya ba.

Mafita ita ce a daina sari da sunan mota, a koma sari da lamba. Kowace mota tana da lambar casis, wadda a yawancin motoci haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma a jikin farantin da ke ƙofa ko cikin ɗakin inji akwai lambar samfuri irin su KUN25, TGN26, GUN125, HZJ79 ko GRJ79. Da wannan lamba ake shiga kundin kayan gyara a fito da lambar kowane kaya. Lambar kayan Toyota alƙaluma da haruffa 10 ce da aka raba gida biyu, biyar na farko suna faɗin irin kayan, biyar na ƙarshe suna faɗin motar da ya dace da ita. Wanda ya fara da 48510 shokazobar gaba ce, 48131 sifirin na naɗi ne na gaba, 48210 sifirin mai ganye ne na baya, 43330 bol-join ne na ƙasa, 48068 da 48069 kuwa hannun ƙasa ne na dama da na hagu. Yana da kyau yaran shago su haddace waɗannan. Takardar odar da za ka aika wa dila ta ƙunshi cikakkiyar lamba, da samfurin mota, da shekarun ƙira, da ɓangaren da kayan yake shiga, da adadi, domin idan aka sami saɓani daga baya wannan takarda ce hujjarka. Haka za ka yi wa Mitsubishi L200, da Nissan Patrol Y61, da Ford Ranger, amma ka taƙaita abin da za ka ajiye nasu gwargwadon yawansu a garinku.

Darajar kaya da irin aikin da za su yi

Kayan da ke kasuwa hawa-hawa ne. Akwai na kamfanin motar, cikin kwalinsa, wanda ya fi tsada kuma hukumomi da ƙungiyoyi masu tarin motoci suka fi nema. Akwai na sanannun masana'antu da ke sayarwa da sunansu, kamar KYB da Tokico na Japan da Monroe a ɓangaren shokazoba, 555 na Japan da CTR na Koriya ta Kudu a ɓangaren bol-join da tayarod, da RBI na Tailan a ɓangaren roba. Wannan rukuni shi ne ƙashin bayan shago, domin ingancinsa sananne ne kuma farashinsa mai motar haya zai iya ɗauka. Sannan akwai kayan da aka ƙera musamman domin daji da lodi mai nauyi, irin su Old Man Emu, Ironman 4x4, Tough Dog da Dobinsons, dukansu daga Ostareliya, da Bilstein na Jamus. A can ƙasa kuma akwai kayan da ba su da suna, da na jabu da suka ari sunan wasu, da kuma tokumbo da aka kwance daga tsofaffin motoci.

Ina ganin babu laifi shago ya ajiye hawa biyu ko uku domin kowa ya sami daidai aljihunsa, muddin ana gaya wa mai saye gaskiyar abin da aka miƙa masa. Amma akwai kayan da ba a neman araha a kansu. Bol-join na ƙasa shi ne yake riƙe taya da mota, kuma idan ya fita ana cikin gudu taya takan kwanta ne nan take, ga mota cike da mutane a bayanta. Haka tayarod, wanda sitiyari ya dogara da shi. A waɗannan biyu kada ka ajiye abin da ba ka san masana'antarsa ba, ko da ribarsa ta ninka. Tokumbon shokazoba ma ban ga hikimar sarinsa da yawa ba, domin lalacewarta a ciki take, ba a gane ta da ido, kuma ba a san nisan da ta riga ta yi ba. Hannun ƙarfe na tokumbo wanda bai lanƙwashe ba ya fi sauƙin karɓa, tunda ana iya cire tsohon bushin a danna masa sabo.

Shokazoba aikinta shi ne ta hana sifirin ci gaba da tsalle, ta hanyar matsa mai ta ƙananan ƙofofi, kuma wannan aiki zafi yake haifarwa. A hanya mai gargada, inda take sama da ƙasa ba hutawa na tsawon sa'o'i, man yakan yi zafi ya yi kumfa, sai ta saki, mota ta fara lilo. Shokazoba mai bututu biyu ita ce aka fi sani, tana da sauƙin kuɗi, kuma bututun waje yana kare na ciki idan dutse ya buge ta. Mai bututu ɗaya, wadda ke da iskar gas mai ƙarfi a keɓe da man, ta fi saurin fitar da zafi, amma ta fi tsada, kuma lotsawa kaɗan a jikinta tana iya kashe ta. Ga direban da ke doguwar tafiya a Sahara ko a burji, faɗin bututu da yawan man da ke ciki sun fi fentin jiki muhimmanci, don haka ka tambayi dila kaurin bututu da na sandar, ya rubuta maka.

Sifirin kuwa da nauyi ake zaɓensa, kuma a nan ne masu shago da yawa suke yi wa abokan cinikinsu illa ba da niyya ba. Masu ƙera sifirin na daji sukan rubuta nauyin da aka yi shi dominsa, misali ƙarin kilo 200, ko 400, ko 600 da mota za ta riƙa ɗauka a kullum. Idan aka sa mai kilo 600 a motar da galibi take tafiya ba kaya, bayanta zai yi tauri ya riƙa tsalle, tayoyin baya su rage kama ƙasa. Idan kuma aka sa mai laushi a motar da ke ɗaukar durom-durom na mai ko buhunan masara, zai kwanta cikin 'yan watanni, daga nan ganye ya fara karyewa. Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce abin da yake ɗauka da hanyar da yake bi, kuma amsoshin da ka tara su ne za su nuna maka nawa za ka saro na kowane nauyi. Game da kayan ɗaga mota, ɗagawar da aka saba ita ce ta kusan milimita 50, wato inci 2. Abin da ya wuce haka a mota irin Hilux ko Prado yana sauya kusurwar shaf da bol-join na sama, ya jawo buƙatar canza wasu kayan, kuma yana ƙara wa mota saurin kifewa a kwana. Irin wannan kaya a kawo shi bisa oda kawai, bayan mai shi ya ba da kafin alƙalami.

Inda ake sari da yadda ake tantance kaya

Wanda yake farawa ba ya buƙatar kwantena. A Kano akwai kasuwar Ƙofar Ruwa, a Kaduna akwai Panteka, a Abuja akwai Apo, kuma manyan masu shigo da kaya suna Legas, a Ladipo da ke Mushin da kasuwar ASPAMDA da ke filin baje koli a hanyar Badagry, sai kuma Nkwo Nnewi a Jihar Anambra. Sari daga waɗannan wurare yana da fa'idar da ba a cika lissafawa ba: za ka ga kaya da idonka, za ka biya da naira, kaya za su iso cikin kwanaki, kuma idan lamba ta saɓa ana iya mayarwa. Ribar kowane guda ta fi ƙanƙanta, amma kuɗinka yana juyawa sau da yawa a shekara. Mataki na gaba shi ne Dubai da Sharja, inda dillalai suke haɗa maka kayan masana'antu daban-daban a lodi ɗaya ba tare da sun tilasta maka ɗaukar ɗaruruwa na abu guda ba. Sayen kai tsaye daga masana'anta a Sin ko Tailan, inda ake ƙera Hilux da yawa, shi ne mafi araha a kowane guda, amma masana'anta tana da mafi ƙarancin adadin da take karɓa a kowace lamba, kuma wannan adadi yakan fi ƙarfin shago ɗaya. Masu zuwa Sin sukan haɗa tafiyarsu da baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara, a watan Afrilu da Oktoba, domin su ga masana'antu da yawa a wuri guda. Kayan daji masu suna kuwa a nemi wakilin da kamfanin ya amince da shi, a kuma tabbatar da wakilcin daga kamfanin kansa.

Ko daga ina za ka saya, kada ka ba da babbar oda ga wanda ba ka gwada kayansa ba. Ka karɓi samfuri, ka ba bakaniken da ka amince da shi ya ɗaura a motar da ka san tana wahala, ka bar ta ta yi aiki na wani lokaci, zai fi kyau idan ta ratsa damina. Ka kuma ajiye guda ɗaya na samfurin a shago ba tare da ka sayar ba, domin ranar da lodi ya iso da shi za ka gwada. Ba sabon abu ba ne a aiko da samfuri mai kyau sannan a cika kwali da wanda bai kai shi ba.

Tantancewa da hannu da sikeli ake yin ta. Ka auna nauyin shokazoba ka kwatanta da ta asali, domin ta jabu takan fi sauƙi saboda an rage kaurin ƙarfe da yawan mai. Ka duba waldar kunnuwanta ko ta zagaye sumul, ka duba sandar ko tana da santsi ba tabo, ka tsayar da ita ka danna ka ja sau da yawa ka ji ko tana riƙewa daidai daga farko zuwa ƙarshe ba tare da wani wuri da take zarcewa ba. Lambar da ke kwali ta zo ɗaya da wadda aka buga a jikin ƙarfe. Sabon bol-join ya kamata ya yi tauri wajen juyawa, ba ya girgiza, robar da ke rufe shi ta zauna daram, kuma notinsa da filinsa suna cikin leda. Bushin na roba mai kyau idan ka matsa shi yakan dawo, ba ya nuna tsaga, ba ya kuma barin baƙi mai yawa a hannu. A sifirin mai ganye ka ƙirga ganyen, ka auna kauri da faɗinsu, ka auna tsawo daga ido zuwa senta-bol, wato ƙusar tsakiya da ke haɗa ganyen, ta kowane ɓangare, sannan ka kifa guda biyu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ka ga ko tudunsu ya zo ɗaya, domin idan suka bambanta mota za ta karkace. Abin da ba a iya gani a sifirin shi ne yadda aka gasa ƙarfen, kuma wannan ne dalilin da ya sa gwaji a kan mota ya zama dole. Farashi ma shaida ne: idan aka kawo maka kaya mai babban suna a rabin kuɗin da wakilinsa yake sayarwa, to araha ba ta ado.

Wajen tsara oda, ka fifita abin da ke fita kullum. Bushin na sifirin da na hannuwa, robar istabilaiza (sandar da ke rage karkacewar mota a kwana) da 'yan sandunanta, bol-join, tayarod, yu-bol (ƙarfen da ke ɗaure sifirin da aksul) da senta-bol ba su da tsada, ba sa cin wuri, kuma su ne ake tambaya safe da yamma, don haka su ne za su ɗauki kaso mai tsoka na adadin. Shokazoba tana biye da su. Cikakken sifirin da cikakken hannu sun fi jinkirin fita kuma sun fi cin jari, sai dai a ɓangaren sifirin yana da amfani a ajiye babban ganye da na biyu a ware, tunda su ne masu lodi suka fi nema idan sun karye. Shokazoba da sifirin bibbiyu ake canza su, dama da hagu, saboda haka adadinsu ya zama mai rabuwa biyu, kuma duk kayan da ke da na dama da na hagu a ƙirga su daidai wa daida lokacin karɓa. Gara ka cika kayan samfuri uku da suka fi yawa a garinku, ta yadda duk wanda ya zo zai sami komai a wuri ɗaya, da ka ɗebo kaɗan-kaɗan na samfuri goma sha biyar.

Lissafi, takardu da ajiya

Farashin da dila ya faɗa ba shi ne kuɗin kaya ba. Da farko ka san sharaɗin da aka yi farashin a kansa: EXW yana nufin a ƙofar masana'anta za ka karɓa, FOB yana nufin mai sayarwa zai kai kaya cikin jirgi a tasharsu, CIF kuma ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora zuwa tasharku. A kan wannan za ka ɗora harajin kwastan, da harajin VAT wanda a Nijeriya yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, da kuɗin tasha, da ladan wakilin da zai fitar da kaya, da kuɗin mota daga Apapa ko Tin Can ko Onne zuwa Arewa, da kuɗin masu sauke kaya, da wani kaso na abin da zai zo a lalace. Kuɗin dako a raba shi bisa nauyi ko girma, ba bisa adadi ba, in ba haka ba za ka ɗora wa ƙaramin bushin kuɗin da sifirin ya ci, alhali sifirin ɗaya na baya yakan haura kilo 20. Kwantena mai ƙafa 20 tana da fili kusan kubik mita 33 a ciki, amma sifirin yakan kai ta iyakar nauyinta tun ba ta cika ba, shi ya sa ake haɗa shi da kaya marasa nauyi kamar roba. Wanda kayansa ba su kai kwantena ba zai iya shiga ta haɗaka, ko kuma 'yan kasuwa biyu ko uku su haɗa oda, da sharaɗin a rubuta rabon kowa da alamar kwalayensa tun kafin a biya. Tun da aka saki canjin naira a 2023, farashin sayarwa ya kamata ya bi abin da za ka kashe wajen sake sayo kayan a yau, ba abin da ka kashe watannin baya ba, domin wanda bai yi haka ba zai sayar da komai da riba a takarda sannan ya kasa cika shagonsa.

Mai shigo da kaya Nijeriya yana buƙatar rajistar kasuwanci da lambar biyan haraji, sannan ya buɗe Form M, wato takardar neman shigo da kaya, ta bankinsa kafin a ɗora kaya a jirgi, ya sami takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, kuma kwastan su fitar da PAAR, wato rahoton tantance kaya kafin isowarsu, wanda da shi ake biyan haraji. Lambar rukunin kaya ta kwastan ta zama daidai: shokazoba da sauran kayan ƙafa suna ƙarƙashin 8708.80, kayan sitiyari 8708.94, sifirin mai ganye 7320.10, na naɗi kuma 7320.20. Kada ka yarda wakili ya sauya rukuni ko ya rage darajar kaya domin a rage haraji, saboda idan aka kama sunanka ne a takarda, kuma kuɗin jinkirin kwantena a tasha kullum ƙaruwa yake yi. Yana da kyau a tambayi wakili ko ya fi sauƙi a wuce da kwantena tashar tudu ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ko ta Dala a Kano, wadda aka buɗe a 2023. 'Yan kasuwar Maraɗi, Damagaram da Agadas kuwa, da yake Nijar ba ta da teku, sai sun ƙara lissafin ratsa wata ƙasa da halin da iyakoki suke ciki a lokacin.

Wajen biyan kuɗi, abin da aka saba da masana'antu shi ne a ba da kusan kashi 30 cikin ɗari a fara aiki, a cika sauran idan kaya sun kammala ko an nuna takardar lodin jirgi. Ka biya cikin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin da ke kan takardar ciniki, kuma idan saƙo ya zo cewa an sauya asusu, kada ka tura komai sai ka kira wanda ka sani ta lambar da ka saba kiransa. Kafin cikon kuɗi, ka sa wani amintacce ko kamfanin duba kaya ya buɗe kwalaye daga wurare daban-daban na lodin ya gwada da samfurinka. A kuma rubuta tun farko abin da za a yi da kayan da suka zo da aibi, ko a musanya ko a cire kuɗinsu daga oda ta gaba.

Idan kaya sun iso, ajiya ce take kare jarin. Roba ba ta son rana, zafi da mai, don haka bushin ya zauna cikin ledarsa a inuwa, nesa da janareta da galan ɗin fetur. Sifirin a ɗora shi kan katako, kada ya taɓa siminti mai danshi. Shokazoba ta zauna cikin kwalinta a busasshen wuri, kuma mai bututu biyu da ta daɗe a kwance a tsayar da ita a danna a ja sau da yawa kafin a ɗaura. Kowane kanta a rubuta masa lamba da samfurin mota, kuma tsohon kaya ya riga sabo fita.

Ga masu saye daga wurinka su sake sayarwa, ka tsara farashi bisa yawan abin da mutum ya ɗauka, ka kuma sa wa bashi iyaka da wa'adi a rubuce, domin bashin da ya bazu a hannun mutane goma yana iya hana ka oda ta gaba. Garanti ya tsaya a kan aibin ƙira, kamar shokazobar da ta fara yoyo ba da daɗewa ba, kuma a gaya wa kanikawa sharuɗɗansa, tunda kaya masu kyau da yawa wajen ɗauri suke mutuwa. Ba a ƙarasa ɗaure notin bushin na roba sai mota ta sauka ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Ba a kama sandar shokazoba da filaya. Yu-bol sabo ake sa wa sabon sifirin, a kuma sake ɗaure shi bayan tafiyar farko da lodi. Bayan canza hannu, bol-join ko tayarod sai an yi alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi.

Lokacin sake oda kuma lissafi ne. Idan kana sayar da shokazoba 20 na wata lamba a wata, kuma kaya suna ɗaukar wata uku daga biyan kuɗi zuwa isowa shago, to ranar da suka rage 60 ya kamata oda ta riga ta tafi, tare da ɗan ƙari saboda jinkirin tasha. Ciniki yakan tashi daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da hanyoyi suka lalace kuma ake kwasar amfanin gona, sannan masana'antun Sin sukan rufe na makonni domin bikin sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Wanda yake son kayansa su kasance a kanta kafin watan Yuni, ya kammala odarsa kafin wannan hutu ko da zarar an dawo daga gare shi.